A fesa ruwan santsi kafin a goge mota, amma da sharaɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka domin mu yi bayani a kan wata gardama da take yawan tashi tsakanin masu motoci da masu wanke su, musamman yanzu da shagunan kayan mota suka cika da robobin feshi iri-iri. Gardamar ita ce: idan an gama ɗauraye mota za a tsane ta da tawul, shin sai an fesa mata wani abu tukuna, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai? Mu masu sana'ar wankin mota ne da gyaran fenti. Amsarmu ita ce a fesa, amma kaɗan, kuma bayan an tabbatar motar ta wanku kuma tawul ɗin mai tsabta ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan biyun bai cika ba, feshin ba zai tsinana komai ba.

Sai an san yadda fenti yake kafin a gane dalili. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sannan a can sama wani shafi marar launi, garau kamar gilashi, wanda shi ne ke ba mota ƙyalli. Kaurin wannan na saman bai wuce kusan rabin kaurin takardar littafi ba, kuma ba ya tofowa. Duk zanen da aka yi masa, ba ya fita sai an kankare wani abu daga jikinsa da injin foli, wato injin goge fenti ya yi sheƙi, kuma kowace kankara rage shi take yi. Duk mai son ya gani da idonsa ya sami baƙar mota ko shuɗiya da tsakar rana, ko ya haska ta da tocilan ɗin waya da daddare. Zai ga siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Masu motoci sukan ɗora laifin a kan rana ko tsufa. Mafi yawansu kuwa hannu ne ya yi su, wajen wanki da wajen gogewa.

Lokacin wanki akwai kumfa tsakanin soso da fenti, ita ke sa hannu ya zame. Da zarar an ɗauraye, kumfar ta tafi, saura ruwa zalla, shi kuwa ruwa santsinsa bai taka kara ya karya ba. A daidai wannan lokacin ne ake kawo tawul a danna a ja. Duk ƙwayar ƙasar da ta rage a jikin mota, ko ta sauka bayan ɗauraya, ko take maƙale a tawul ɗin tun daga motar baya, za a ja ta ne a kan fenti babu abin da ya shiga tsakani.

A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin wuraren wankin mota a bakin titi suke, tirela ta wuce ta tayar da ƙura, a daidaita sahu ya biyo baya. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris kuma ga hunturu, iska tana ɗebo ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube ta a kanmu dare da rana. Cikin ƙurar nan akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa gilashi ma yana zanawa, balle fenti. Minti biyar tsakanin ɗauraya da gogewa sun isa ƙura ta sauka a kan jiƙaƙƙen bonet.

Matsala ta biyu ruwan kansa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da gishirin ƙasa, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin butar dafa shayi. Wanda ya ga wannan farin a butarsa, to ya sani shi ne zai zauna a motarsa. Idan ɗigon ruwa ya bushe a jikin mota, ruwan ya tashi, gishirin ya zauna ya bar farin zobe. A zafin Afrilu, jikin baƙar motar da ta sha rana ba ya taɓuwa da hannu, kuma ɗigon yakan bushe kafin mai gogewa ya zagayo. Idan zoben ya kwana biyu rana tana dukansa, yakan ci ya shiga cikin shafin saman, ta yadda wanki ba ya fitar da shi.

To, abin da muke kira ruwan santsi shi ne duk wani ruwa da aka haɗa domin a fesa a jikin jiƙaƙƙiyar mota kafin tawul ya hau. Babban aikinsa shi ne ya mayar da santsin da kumfa ta tafi da shi, tawul ya riƙa zamewa maimakon ya riƙa kamawa. Yana kuma sa ruwa ya saki fenti ya bi tawul a ja ɗaya, ga shi duk inda aka rage yawan ja an rage zane. Wasu suna barin ɗan siririn kaki da ke ƙara ƙyalli, ya sa wanki na gaba ya yi sauƙi. Kamfanoni irin su Meguiar's da Turtle Wax da Sonax duk suna yin sa. Akwai mai santsi kawai, akwai mai kaki, akwai kuma wanda ake kira na siramik, mai daɗewa a jiki. Akwai nau'in da ake sayarwa da kauri a tsarma da ruwa, kamar Optimum No Rinse, wanda don wannan aikin ake zuba kashi 1 cikin kashi 16 na ruwa, wato kimanin mililita 60 a lita guda. Ga mai wurin wanki, irin wannan ya fi arha nesa ba kusa ba. A tsarma shi da ruwa mai kyau, kada a zuba ruwan burtsatsen da ake gudu.

Yadda ake yi kuwa, aikin yana farawa tun kafin a ɗauki robar. A shigar da mota inuwa, a bari jikinta ya huce. A fara watsa mata ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa domin ƙasa ta zube kafin soso ya taɓa. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla da za a riƙa ɗauraye soso a ciki kafin a mayar da shi cikin kumfa. Tayoyi da ƙasan ƙofofi su sami nasu soson daban. Omo da sabulun wanke-wanke suna wanke kakin da ke jikin mota, su bar fenti a bushe yana kama tawul, shi ya sa ba ma son su. A ɗaurayar ƙarshe a cire kan tiyo, a bar ruwa ya kwarara a hankali daga rufi zuwa ƙasa. Ruwan da ke gangarowa a shimfiɗe yana jan sauran ɗigo ya tafi da su, sai aikin tawul ya ragu sosai, musamman a motar da ke da kaki.

Sannan a ɗauki tawul a ɗan jiƙa shi a matse, a ninka shi gida huɗu, a yi masa feshi ɗaya. A fesa sau ɗaya ko biyu a kan ƙofa guda, sau biyu ko uku a kan bonet ko rufi, a goge nan take kafin a wuce gaba. Kada a zagaye mota da feshi gaba ɗaya sannan a dawo gogewa, domin kafin a iso ɗaya gefen ya bushe ya bar tabo. A fara daga rufi, sai gilasai, bonet da but, sai ƙofofi, ƙasa ta zo ƙarshe da wani tawul daban. A shimfiɗa tawul a ja shi a miƙe da nauyin kansa, ban da dannawa, ban da murzawa a zagaye. Ninki huɗu yana ba da fuska takwas, duk wadda ta yi datti a juya. A bi baya da busasshen tawul na biyu a share ɗan danshin da ya rage. Wanda yake da injin hura iska ya hure madubai da hannun ƙofa da gefen fitilu da wurin lamba, don nan ne ruwa ke ɓuya, sai mota ta fara tafiya ya gangaro ya bar farin layi. Da wannan awo, mota ƙarama ba za ta ci fiye da mililita 25 zuwa 30 ba, robar rabin lita za ta yi mota goma sha biyar ko fiye. Duk wanda robarsa ke ƙarewa a mota biyar, ambaliya yake yi.

Yawan fesawa shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ke sa mutane su ce abin ba shi da amfani. Idan ya yi yawa sai ya bar dabbare-dabbare kamar an shafa mai, ya fi fitowa a baƙar mota. Maganinsa a bi wurin da tawul mai ɗan danshi, sannan busasshe. Gilashin gaba ya fi ba mu tsoro. Idan mai kaki ya hau shi, waifa takan riƙa tsalle tana ƙara, da daddare kuma idan ana ruwa fitilar motar da ke tahowa sai ta watsu a idon direba. A bar gilashin gaba da nasa tawul da ruwan wanke gilashi. Haka nan kada feshi ya kai ga farantin birki ko tafin taya.

Muna kuma jan kunnen 'yan'uwanmu masu sana'a da ke ɗiga kananzir ko man dizal a ruwan gogewa, ko su ɗauki abin fesa dashbod da na ƙyallin taya su bi jikin mota da shi. Gaskiya ne motar za ta yi sheƙi a gaban mai ita. Amma maiƙo ne, kafin ya isa gida ƙura ta manne, kuma man yana lalata robar gefen gilashi.

Akwai lokutan da bai kamata a fesa ba ko da mai kyau ne. Motar da aka yi wa sabon fenti tana bukatar wata ɗaya zuwa uku kafin a sa mata kaki, sai a tambayi mai fentin. Motar da za a kai fenti ita ma a ƙyale ta, saboda yawancin waɗannan ruwaye suna da wani sinadari da ake kira silikon, shi kuwa yana hana sabon fenti kwanciya, ya riƙa buɗewa ƙananan ramuka kamar idon kifi. Saboda haka ma ba a fesa shi kusa da inda ake fenti. Fentin da aka yi shi dusu-dusu da gangan, marar ƙyalli, kaki yana ɓata shi. Sannan ruwan santsi ba ya cire farin zoben da ya riga ya zauna. Wannan sai a gwada farin ruwan khal rabi da rabi da ruwa, a inuwa, a bar shi minti ɗaya a ɗauraye. Idan bai fita ba ya riga ya ci, sai foli.

Da za a ce mutum ya zaɓi ɗaya tsakanin robar feshi da tawul mai kyau, tawul za mu ce ya saya. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka da ya kwana a ƙasa ba su da inda za su ɓoye ƙwayar yashi, a fuskarsu take zama. Haka fatar nan ta goge mota, wadda idan ta bushe take ƙandarewa kamar ganda: tana shan ruwa sosai, amma fuskarta a shafe take, duk abin da ta tarar sai ta ja shi. Tawul ɗin maikurofaiba, wato mai siraran zaren roba, mai kauri, mai dogon gashi, shi ke ɗauke ƙasa ya shige da ita ciki. A cire takardar da ke ɗinke a gefensa kafin a fara aiki da shi, domin ita ma tana zane. Idan ya faɗi ƙasa, ya gama aiki a ranar sai an wanke.

Shi ma ruwan santsi yana taruwa a tawul. Bayan 'yan kwanaki sai a ga tawul yana tura ruwa gaba maimakon ya sha, kakin ne ya toshe shi. Na siramik ya fi tsanani, idan ya bushe a ciki gashin tawul yakan yi tauri, daga nan ba ya komawa jikin fenti. Don haka a jefa tawul a bokitin ruwa da zarar an gama, a wanke shi a ranar da sabulun ruwa da ruwa mai ɗumi, shi kaɗai, ba tare da kayan auduga ba. Kada a sa masa bilic ko ruwan laushin tufafi, kada a yi masa guga, domin zarensa roba ne, zafi yana narkar da shi. A shanya shi a cikin ɗaki ko inda ƙura ba ta kaiwa, idan ya bushe a ajiye a leda ko bokiti mai murfi. Tawul ɗin da aka wanke tas aka shanya a kan katangar bakin titi cikin hunturu, kafin la'asar ya kwashi yashin da zai zana motar gobe.

Ga masu motoci kuma, babu laifi mutum ya ajiye tawul biyu da robarsa a but, ya miƙa wa mai wanki idan an zo gogewa, ya karɓi kayansa ya wanke a gida. Mai sana'ar kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ba zai iya wannan ba, ya nemi a nuna masa tawul ɗin da za a goge motarsa da shi, ya shafa tafin hannunsa a kai, ya kuma tambaya ko shi ne aka goge taya da shi.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu sana'ar wankin mota da gyaran fenti,
Kano.