Ƙorafi Kan Cin Taya a Motar Tafi-da-gidanka da Kuka Sayar Mini

Zuwa ga Manajan Sashen Gyara,

Yallaɓai, bayan gaisuwa, na rubuto wannan takarda a fili ne domin amsar da ma'aikatanku suka ba ni kan tayoyin gaban motata ba ta gamsar da ni ba. Duka biyun sun cinye ta gefen ciki, zanen ya kusa shafewa, gefen waje kuwa bai taɓu ba. Aka ce wai ƙarancin iska ne, in sayi sababbi.

Ƙarancin iska ba haka yake cin taya ba. In iska ta yi kaɗan, gefe biyu ne ke cinyewa tare. In ta yi yawa, tsakiya ce ke fara gogewa. Nawa gefe ɗaya ne. Kuma in ka shafa hannu a kan zanen, tafiya sumul, dawowa sai kaifi ya kama maka tafi. Duk bakaniken da ya san aikinsa zai ce saitin ƙafafun ne ya ɓaci, tayoyin na gurzar titi a karkace. Canza taya a bar saitin, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya auna nauyin motar. Wannan ba ƙaramar mota ba ce, ɗaki ne sukutum aka ɗora mata, da gado da firji da tukunyar gas da batura. Tankin ruwa mai lita 100 kaɗai kilo 100 ne in ya cika, kuma a gefe guda yake zaune. Saitin da aka yi mota na fanko ba lallai ya tsaya ba bayan an loda ta, domin nauyi na danne sifirin, tsayuwar tayar ta sauya. Ku da kuke sayar da irin waɗannan motoci kun fi ni sanin haka.

Don haka ina neman a auna nauyin da ke kan kowace ƙafa ita kaɗai, motar na ɗauke da kayanta na tafiya, a sa iska bisa jadawalin nauyi na kamfanin da ya ƙera tayar, a kuma gwada ta tayoyin na sanyi. A duba shokozoba da mahaɗan sitiyari kafin a yi saitin, don in sun yi lako-lako aikin banza za a yi. Tayoyin baya bibbiyu ne a kowane gefe; na cikin ma, waɗanda ake ƙyuyar kai musu geji, a leƙa su.

A ba ni takardar awon saitin, na kafin gyara da na bayansa. In ta nuna abin da na faɗa, kuɗin tayoyin biyu na wuyanku.

Na gode,
Mai motar