Wasiƙa daga Kumasi zuwa Yawuri

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Inna da duk mutanen gida kuna lafiya. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi. A Zango nake zaune, Hausa ake yi ko'ina, kada Inna ta damu.

Ka ce in yi maka bayanin karatun da ya hana ni zuwa sallah. Hanyar ɗaukar hoto a cikin ruwa mai laka muke nema. Ka fi ni sanin cewa idan mai nutso ya shiga Kwara da damina, hannunsa ne idonsa. Tocila ba ta yi masa amfani, don hasken yana bugun laka ya dawo masa fuska, kamar fitilar mota a cikin hazo.

Mu da hasken leza muke aiki, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, kore, saboda ruwa yana saurin shanye jan haske, kore kuwa yana yin nisa. Amma dabarar a lokaci take. Ba a barin hasken a kunne, walƙawa ɗaya yake yi, kyamara kuma tana rufe. Hasken da lakar kusa ta maido shi ke riga isowa, sai ya tarar ba a buɗe ba. Sai daidai lokacin da wanda ya taɓa abin da ake nema ya dawo, sannan ta buɗe ta sake rufewa. Idan abin yana nisan mita 5, zuwa da dawowar hasken kimanin kashi 44 ne cikin biliyan na sakan ɗaya. Saita wannan lokacin shi ke cin darena.

Ruwan gwaji ba ya yi mana wuya. Masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya sun dagula kogin Ofin da na Pra a nan Gana har sun yi jawur. A irin wannan ruwan leza ma takan gaza, dole a koma ga na'urar da ke lalube da sauti.

Baba, tun hatsarin jirgin ruwa na Warra a 2021 ban manta yadda aka yi ta laluben 'yan'uwanmu da hannu a ƙarƙashin ruwa ba. Shi ya sa na dage.

Don Allah a ɗebo mini ruwan kogi a gora idan ya cika, a ba mai zuwa, don lakarmu ta bambanta da tasu. A gaida Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka.