Zuwa ga ɗana, kan gardamar hayaƙi a ikilisiya

Maradi

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Gida lafiya, mahaifiyarka na gaishe ka. Ka ce an ɗora maka nazarin matasa kan canjin yanayi kuma gardama ta kaure, wasu na cewa dokar rage hayaƙin kabon dabarar Turawa ce, wasu na cewa duniya mai wucewa ce, ina ruwanmu.

Ka fara da Farawa 2:15. Allah ya sa mutum a gona ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Wanda ya kawo maka mulkin da aka ba mutum a Farawa 1:28, ka buɗe masa Zabura 24:1, ya ga Mai ƙasar. Amana aka ba mu. A Littafin Firistoci sura 25 har ita ƙasar an yanka mata hutu a shekara ta bakwai.

Kada ka ɓoye musu cewa bakin Kirista bai zo ɗaya ba. A 2006 shugabannin masu bishara 86 a Amurka sun sa hannu a takardar neman dokar rage hayaƙi. Wata ƙungiyar Kirista, wadda yanzu ake kira Cornwall Alliance, ta ƙi, tana cewa doka za ta tsauwala kuɗin wuta da mai, talaka ne zai sha wuya. A 2015 Fafaroma Faransis ya fitar da wasiƙarsa kan kula da duniya, Laudato Si', ya ce ƙasashe masu arziki suna da bashi a wuyansu, ya kuma yi kashedi kada cinikin takardun kabon, wato mai fitar da hayaƙi ya biya wani ya rage a madadinsa, ya zama hanyar ci gaba da ɓarna.

Ni dai ina bayan doka, amma wadda ta fara da mai babban laifi. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, ga shi mu ke shan fari da ambaliya irin ta 2024. Yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan canjin yanayi, ta bar wa kowace ƙasa ta faɗi abin da za ta rage. Dokar da za ta hana mace hura murhu ba a ba ta gas mai sauƙin kuɗi ba, wannan zalunci ne, ka faɗa ba tsoro.

Namu rabon aikin yana gona. A nan jahar Maradi ne Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara sassabin zamani, wato raya tofon kututture a gona ya zama itace, da manoma a 1983, yau ana lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Koya musu shi daidai. Lokacin sharar gona, a nemi kututturen kalgo, sabara, gawo ko magarya mai tofo. A bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire saura. Wuƙa ko gatari ya zama mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya gangaro yakan ɓare ɓawo, cuta da gara su shiga. Ƙananan rassan gefe a rage su zuwa rabin tsawon sandar kawai. In aka yi mata aski duka, iska ko akuya za ta karya ta. A ɗaura tsumma mai launi don masu neman itace su san tana da mai ita, a koma gyara bayan wata biyu zuwa shida. Gawo ya fi dacewa da hatsi tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya tare rana.

Masu sayen kabon, wato masu biyan manomi saboda hayaƙin da itatuwansa ke shanyewa, za su iya zuwa da takarda. Kafin kowa ya dangwala hannu, a tambaya: shekara nawa ne alkawarin, wa ke auna itatuwan, nawa ke isa hannun manomi bayan dillalai sun cire nasu, kuma ana iya sarar reshe don girki ko a'a? A karanta ta da Hausa gaban maigari. Gonar gado ko ta aro ita ta fi jawo rigima, don haka a tabbatar da mai ita tukuna.

Ka gayyaci maƙwabtanku Musulmi da makiyaya ranar da za ku fita gona, domin in ba da yardarsu ba, tofon ba zai kai baɗi ba. Ka sanar da ni ranar, in aiko maka da gatura biyu.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifinka