Zuwa ga Abba, Kafin Ku Sayi Igiya

Agege, Legas

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya. Ya bautar ƙasa, ya ɗaliban naka? Mu nan lafiya ƙalau, sai cunkoson hanya da ka sani.

Ummanka ta nuna mini hotunanku na Erin-Ijesha, ta kuma karanta mini saƙon da ya biyo baya: wai hawa matakan ruwan nan bakwai bai ishe ku ba, kai da abokanka kuna so ku haɗa kuɗi ku sayi igiya, ku fara wasan bin kwazazzabo daga sama zuwa ƙasa, a sauka da igiya ta gefen ruwa, a yi iyo inda ya kama, a yi tsalle inda ya kama. Ita dai hukuncinta guda ne, in hana ka. Na ce mata wanda aka damƙa wa aji yana koyarwa ya wuce a hana shi ta waya. In an hana shi a ɓoye zai je, kuma a wannan harka babu tafiyar da ta kai ta ɓoye muni. Saboda haka ban hana ka ba. Na dai zaɓi in rubuto, don in na kira "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi mini har kati ya ƙare.

Ka san da igiya na ciyar da ku. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 nake hawa turakun sadarwa, don haka ba tsayin dutse ne ke hana ni barci ba. Abin da ke damuna wani abu ne da ba ya fitowa a bidiyon da kuke kallo a YouTube. A kan turke, in iska ta tashi ko jikina ya ƙi, tsanin da na hau yana nan, in sauko in tafi gida. A kwazazzabo ana zura igiya ne ta cikin zoben madogara, wato zoben da aka kafa a bakin wurin sauka, a sauka, in kowa ya sauko a ja gefe ɗaya ta faɗo, a naɗe ta a yi gaba, saboda da ita za a yi sauka ta gaba. Daga lokacin da igiyar nan ta faɗo a gabanku, hanyar komawa ta rufe. Dutse ne mai santsi a bayanku, dutse a dama, dutse a hagu. Ko wani ya karye, ko dare ya yi, ko hadari ya haɗo, ƙofa ɗaya ta rage, ita ce ta ƙasa. To duk wata shawara da za ku yanke, ta ci gaba ko ta fasawa, a bakin sauka ta farko ake yanke ta, igiya tana rataye. In zuciyarka ba ta kwanta ba a nan, ka ce ka fasa ko da an biya kuɗin mota, ko da abokai za su yi maka dariya har Osogbo.

Sai ruwa. Ka tuna ƙoramar bayan gari a can gida, wadda kuke wasa a yashinta in mun je hutu? Rana tana ƙwallewa, babu ɗigo ɗaya a kanmu, sai a ji gurnani daga nesa, kafin a kore awaki ja-ja-wur ɗin ruwa ya cika ta baki da baki. An yi ruwan ne a kan tudu, inda ido bai kai ba. Ita ƙorama tana da faɗi, kana iya tsallakewa ka haye gaɓa. Kwazazzabo kuwa wani wurin in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bangon nan da na can, ruwan ba shi da inda zai bazu sai dai ya hau sama. Kuma ruwa nauyi gare shi: lita ɗaya kilo ɗaya, mita ɗaya ta kowace fuska tan guda cur, ga duwatsu da kututture da yake turowa. Babu gwanin iyon da zai ja da wannan.

Ba tatsuniya nake ba ka ba. A watan Agustan 1997, a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11, alhali ruwan kirki bai sauka a inda suke ba, can gaba da nisa aka yi shi. A Yulin 1999, a Saxetbach kusa da Interlaken a ƙasar Siwizalan, mutum 21 suka rasu, uku daga ciki ma jagorori ne da aikinsu ke nan. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Satumbar 2015 a gandun Zion na jihar Utah: mutum bakwai suka shiga wani gajeren kwazazzabo mai suna Keyhole, wanda ake tura 'yan koyo saboda sauƙinsa, ruwa ya same su a ciki, babu wanda ya fita. Ka lura, a duka ukun nan ba igiya ce ta tsinke ba.

Don haka sharaɗina na farko lokaci ne. Inda kake damina doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma kada ɗan sararin da ake samu a Agusta ya ruɗe ka, ƙasa a jiƙe take, ruwa kaɗan ya isa ya cika rafi. Ku bari sai Disamba zuwa Fabrairu. Ko a lokacin ku duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, kuma ba na garin da kuke tsaye kaɗai ba, har na yankin da rafin ya taso. In kuna ciki ka ga ruwa ya fara sauya launi, ganye da ƙirare suna biyo shi, ko ka ji ƙara tana ƙaruwa daga sama, kada ka tsaya ɗaukar jaka, kada kuma ka ruga ƙasa kana tsere da shi. Ka nemi tudu mafi kusa ka haye, ko da taku biyu ne.

Yanzu kayan aiki, inda nake da bakin magana. Riga da takalmi ka saya a Katangowa, ba ni da ja. Amma igiya, ɗamarar tsaro da ƙugiya ba a sayen gwanjonsu, domin ba ka san wahalar da suka sha ba. Igiyar da ta kwana kusa da ruwan batir za ka gan ta sumul a ido, cikinta kuwa ya mutu. Igiyar rijiya ko ta ɗaure kaya a bayan mota ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Har ta masu hawan dutse ba ita ake so ba, don an yi ta ne ta riƙa miƙewa, tana shan ruwa ta yi nauyi, kuma miƙewar nan tana sa ta goga bakin dutse kamar ana zarto. Wadda ake so mara miƙewa ce sosai, dangin wadda muke aiki da ita mai lambar EN 1891, kaurinta milimita 9 zuwa 10 ga ɗan koyo. Duk lokacin da za ka yi amfani da ita, ka bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe. Inda ka ji ta lotsa, ko ta yi tauri, ko farin cikinta ya leƙo, nan ƙarshenta ya zo, a yanke.

Ƙugiya kuma, karabina, ka juya ta ka karanta jikinta. Ta gaskiya an buga mata lambar ƙarfi, 20 kN ko fiye a tsayenta, wato wajen tan biyu, da tambarin CE ko UIAA, kuma bakinta yana da makulli. Masu sheƙin nan da ake rataya makullin mota a jikinsu, da yawa ma an rubuta a kansu cewa ba na hawa ba ne, amma wa ke karantawa? Hular kwano ba ta sauka daga kanka tun daga shiga har fita, saboda tsakuwar da abokinka zai ture da ƙafa daga sama ta ishe ka. Ka rataya usur a kafaɗa, don kusa da faɗuwar ruwa ko ihu kake ba mai jin ka, kuma ku yi yarjejeniya tun a waje: busa ɗaya me take nufi, biyu me take nufi. Ƙaramar wuƙa a inda hannu ɗaya zai kai. Kada ka sauka da riga mai lilo ko igiyar wuya; ƙarfen sauka, mai siffar lamba 8 ɗin nan, duk abin da ya kusance shi haɗiyewa yake, har gemu, kuma na ga naka ya fara tsawo.

Da na zauna ina bin ƙa'idojin wasan nan na ci karo da abin da ya tabbatar mini ni kaina ban isa in zama malaminka ba. A aikinmu haramun ne ka sauka ba ka ƙulla ƙarshen igiya ba, don kada ka zame ta ƙare maka a hannu. A cikin ruwa mai gudu kuwa akasin haka suke yi. Ba ƙulli, kuma ana auna igiyar ta tsaya daidai saman ruwa, saboda da ka isa ƙasa ka zare ka yi iyo ka bar wurin. A gindin faɗuwar ruwa akwai juyi da ke mayar da mutum baya yana danna shi ƙasa, in ƙulli ya riƙe ka a nan ko igiya ta naɗe maka ƙafa, abin da aka ɗaura don ya cece ka shi zai nutsar da kai. Ka ga dabarar da ke tsare rai a busasshen wuri ita ce ke kisa a jiƙaƙƙe. Irin wannan ba a koyon sa daga bidiyo, ba a kuma koyon sa wurin abokin da ya riga ka da mako biyu. Ku nemi wanda ya yi horo na gaske, ku tambaye shi inda ya koya da wuraren da ya sauka, kada ku ji nauyi. Ku sa ido ku ga ko yana duba ɗamarar kowa da hannunsa, ko yana gwada madogara kafin ya ɗora mata mutum, ko yana ɗauke da igiyar ko-ta-kwana. In ba ku samu irinsa ba, kuɗin igiyar ku yi yawon ƙafa da shi. Ga Arinta a Ekiti, ga duwatsun Idanre a Ondo, ga Owu a Kwara, duk sun isa su gajiyar da saurayi.

In ka ga suna rubuta wa kwazazzabo lamba irin 3A II, tsarin Amurkawa ne: lambar farko daga 1 zuwa 4 wahalar igiya, harafin A zuwa C yawan ruwa, na ƙarshen kuma tsawon lokacin da zai ci. Ɗan koyo da A yake farawa, na rabin yini. Namu na nan kada ka sa rai wani ya auna muku su ko ya kafa muku ƙarfe a dutse, wanda ke nufin ku ne 'yan gwaji. Wannan ma dalili ne na tafiya a hankali.

Batun iyo kuma kada mu yaudari juna. An haife ka a Legas, teku na gefenka, amma iyakacinka ka tsoma ƙafa a bakin ruwa ka ɗauki hoto. Ka je ka koya a wurin koyo, har ka iya tsayawa a ruwa mai zurfi da takalmi a ƙafarka ba ka firgita ba. Tsalle kuwa, ba a yin sa sai wani ya sauka da igiya ya shiga ya taɓa zurfin da jikinsa, ko da bara an yi tsalle a wurin lafiya, domin damina ɗaya tana iya kawo dutse ko kututture ta ajiye a ƙasa. Ruwan da rana ba ta taɓa shi yana da sanyi fiye da zatonka. In ka ga ɗayanku yana karkarwa, magana tana sarƙe masa, ku fitar da shi ku ɗumama shi, ku ba shi abin ci. Bayan kun dawo, in zazzaɓi ya kama ka ko ka ga jini a fitsari, kada ka tsaya a kemis ana ba ka maganin maleriya. Ka gaya wa likita ka shiga rafi, a duba tsargiya da cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera.

Kada ku gaza huɗu: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su nemo taimako. Ku fara zuwa gaida baale ko dattawan ƙauyen, ku ɗauki mafarauci ko ɗan gari da ya san rafin, ku biya shi da kyau. Wasu wuraren ruwan suna da alfarma a wurin masu su, inda aka ce kada a shiga kada ku shiga, baƙi ne ku. Ku shiga da sassafe bayan asuba, ku ƙudurta fitowa kafin la'asar. Waya ba ta kamawa a cikin rami, ni na san inda turaku suke kaiwa da inda ba sa kaiwa, kuma jirgin ceton da kake gani a bidiyon Turawa kada ka sa shi a lissafinka. Akwai wani Ba'amurke, Aron Ralston, da dutse ya danne wa hannu a wani kwazazzabon Utah a 2003. Ya tafi shi kaɗai bai gaya wa kowa inda za shi ba, ya kwana biyar a wurin, a ƙarshe da wuƙarsa ya yanke hannun ya fito. Saboda haka kafin kowace tafiya ina son saƙo a wayata: sunan ƙauye, inda za ku shiga, inda za ku fito, sunayen abokan tafiya da lambar ɗan garin, da ƙarfe nawa zan fara neman ku in ban ji ka ba. Ni za ka turo wa, ni zan san yadda zan gaya wa Ummanka.

Kada ku biya kuɗin komai tukuna. Ka ɗauki hoton duk abin da kuke shirin saya, har da rubutun jikinsa, ka turo mini ta WhatsApp in duba. In ka zo hutu ka taho da abokan naka, akwai tsohuwar ɗamarata da igiya mai kyau a ɗaki; za mu rataya a benen makwabcinmu in ya yarda, ku koyi ƙulli, da tsayawa a tsakiyar igiya, da hawowa in an maƙale, har hannunku ya saba. Na ruwan kuma sai malaminku.

Ƙannenka suna gaishe ka. Ummanka ta ce in tambaye ka ko kilishin ya iso. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka