Wasiƙa zuwa ga Bashir kan habbatus sauda da asmar Fadila

Iskandariya, Masar

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Fadila da yara da su Hajiya. Yaya sanyi? Na ji ƙurar hunturu ta sake tayar wa Fadila da asma. Allah Ya ba ta lafiya.

Ka tambaye ni ko man habbatus sauda zai iya tsaya mata a madadin abin shaƙarta. Don Allah kada ku ajiye abin shaƙar nan, ko na kwana ɗaya.

A fata da cikin hanci da hanyoyin numfashi akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, cike suke da sinadarin histamin. Ga mai asma ko borin jini, da zarar ƙura ko gashin kyanwa ya taɓa su, sai su zazzage shi gaba ɗaya. Nan da nan sai atishawa, majina, ƙaiƙayi, ƙirji ya ɗaure. Piriton da muka saba sha yana tare histamin ne bayan ya riga ya fito.

Habbatus sauda kuwa tana ɗauke da sinadarin timokwinon, wanda masana a Masar suka ware daga manta a farkon shekarun 1960. A 1993 wani mai bincike a Danmak ya gwada ɗan'uwansa, nijelon, a kan ƙwayoyin mast na ɓera, ya ga yana hana su sakin histamin. Kamar a ɗaure bakin buhu ne tun kafin hatsi ya zube. Wallahi abin yana faranta min rai, ganin irin darajar da habbatus sauda take da ita a hadisi. To amma ƙwayar ɓera a ɗakin gwaji daban, ƙirjin yarinya da tsakar dare daban. Ga shi man kasuwa ba awo ɗaya ba ne, wani da ƙarfi, wani an sirka shi.

Akwai wani tsiro a nan da ake kira killa. Daga sinadarinsa wani likita a Ingila, Roger Altounyan, ya kai ga maganin kromolin a 1965, wanda shi ma yake hana ƙwayoyin mast sakin histamin. Likitan shi ma yana da asma, kuma a jikinsa ya riƙa yin gwajin, yana tayar da ciwon da gangan. Maganin ya shiga kasuwa da sunan Intal. Duk da wannan wahala, rigakafi kawai yake yi. Idan ƙirji ya riga ya shaƙe, ba ya buɗe shi.

In kuna son ba ta man, ku fara nuna wa likitanta. A riƙa yayyafa ruwa kafin shara, ta rufe hanci in za ta makaranta. In ta yi amfani da abin shaƙarta amma numfashi bai daidaita ba, a kai ta asibiti a daren, kada a jira safiya.

Ka gaida Maman Fadila, ka kuma sanar da ni yadda jikin yake.

Naka,
Usman