Wasiƙa zuwa ga ɗana kan littafin Tess

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta nuna mini rubutun da ka turo mata a waya, wanda za ka miƙa wa malaminku kan littafin Thomas Hardy, Tess of the d'Urbervilles. Na karanta shi har sau biyu. Rubutun ya yi kyau, amma akwai inda ban yarda da kai ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. Ka ce ƙaddara ce ta halaka yarinyar nan. Ni na karanta littafin tun ina kwalejin horon malamai, kafin a haife ka. Jiya na ciro nawa daga ƙasan akwati, bangon ya yage, takardun sun yi ja, na sake bin wuraren da na ja wa layi a wancan lokacin.

Na san abin da ya sa ka faɗi haka. Tess ta yi gyangyaɗi a kan keken doki da tsakar dare, keken masu kai wasiƙu ya yi karo da su, dokin da gidansu ke ci da shi ya mutu. Daga baya ta rubuta wa Angel Clare, wanda za ta aura, wasiƙa ta tona masa asirinta kafin aure, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa, takardar ta shige ƙarƙashin darduma, bai taɓa ganinta ba. Duk wanda ya karanta wannan zai ce ƙaddara ta riga fata. Mun yi imani da ƙaddara, ɗana, mai daɗi da marar daɗi. Amma ka koma ka duba, me ya ɗora yarinya 'yar shekara 16 a kan keken nan cikin dare tana kai amyoyin zuma kasuwa? Ubanta ne ya bugu ya kasa tashi, don wani limamin coci ya gaya masa cewa shi jinin tsohon gidan sarauta na d'Urberville ne. Wa ya yi mata kwalliya ya tura ta gidan masu kuɗi neman dangantaka? Uwarta, wadda ta san halin maza sarai, tana fatan saurayin gidan zai aure ta. Su kuwa mutanen gidan ba ma danginsu ba ne. Ɗan kasuwa ne mai suna Stoke ya tara dukiya, ya tsinci sunan d'Urberville ya liƙa wa kansa. Mai jinin na gaskiya ita ce ta koma kiwon kajinsu.

Abin da Alec, saurayin gidan, ya yi mata a daji ba sai na tsaya a kansa ba. Yarinya ce, tana barci, tana ci a ƙarƙashinsa. Kowa ya san sunan wannan aiki. Ta haihu, jaririn bai yi rai ba. Daren da zai mutu ubanta ya kulle ƙofa don kada limamin coci ya shigo ya ga abin kunyar gidansa, sai ta tashi ƙannenta, ta kunna kyandir, suka durƙusa kewaye da kwanon wanka, ta yi masa baftisma da kanta. Ta sa masa suna Sorrow, wato baƙin ciki. Addininsu daban da namu, amma duk macen da ta taɓa riƙe ɗa yana numfashin ƙarshe ta san wannan dare.

Wanda na rubuto maka dominsa shi ne Angel. Ba na tsoron ka zama Alec, na san tarbiyyar da muka yi maka. Angel nake tsoro, don yana kama da kai. Ɗan malami ne, mai ilimi, mai ladabi, yana ganin kansa wayayye wanda ya wuce tsofaffin ra'ayoyin iyayensa. Daren aurensu shi ya fara magana, ya ce ya taɓa yin kwana biyu yana lalata da wata mata a Landan. Tess ta yafe masa nan take, har murna ta yi, a zatonta yanzu zai fahimce ta. Da ta faɗi nata, wanda ma ba da son ranta ya faru ba, sai ya ce ai ba ita ce matar da yake so ba, wata ce daban mai kamanninta. Ya bar mata ɗan kuɗi ya tafi Brazil. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan mutum ba a bige yake ba, ba yunwa ke damunsa ba, babu wasiƙar da ta ɓace a daren nan. An ajiye masa gaskiya a gabansa, ya zaɓa da idonsa biyu.

Kuma ba shi ya ƙago wannan mudu ba. A dokar saki ta Ingila ta 1857, miji na iya rabuwa da matarsa kan zina kawai, amma mace sai ta haɗa da wata hujjar, kamar azabtarwa ko ƙaurace mata. Sai a 1923 aka daidaita su. Lokacin da mujallar The Graphic ke buga labarin kashi-kashi a 1891, sai da Hardy ya cire wurin baftismar nan, kuma inda Angel ya ɗauki Tess da ƙawayenta a hannu ya tsallakar da su ruwa aka mayar da shi a baro ya tura su. Masu irin wannan kunyar su ne suka fusata da ya rubuta a ƙarƙashin sunan littafin cewa labarin mace tsarkakkiya ne.

Sauran ka sani. Aikin gona cikin sanyi, injin sussuka, mutuwar uba, korarsu daga gida don hayar ta ƙare da ransa, komawarta hannun Alec saboda uwa da ƙanne su sami wurin kwana. Ta kashe shi, aka kama ta a wurin tsofaffin duwatsu na Stonehenge, aka rataye ta. Ban ce kisa daidai ne ba, kuma ban bi Hardy ba inda yake nuna kamar sama wasa take yi da rayukan bayi. Amma na fahimci zafin zuciyarsa, domin yana ɗan shekara 16 ya tsaya cikin taro a Dorchester ya ga an rataye wata mata, Martha Brown, wadda ta kashe mijinta.

Ka fara maganar aure, kuma na yi murna. Wata rana matarka, ko ƙanwarka, ko 'yar da za ka haifa, za ta zo maka da magana mai nauyi, muryarta na rawa. Wataƙila ba irin ta Tess ba, wata ce daban. Ina roƙonka ka tuna abin da kai ma ka taɓa neman a yafe maka, ka bari ta kai ƙarshen zancenta kafin ka buɗe baki.

Ni ma littafin bai bar ni ba. Akwai inda Tess ta dawo gida tana kuka, tana tambayar uwarta me ya sa ba ta gargaɗe ta kan maza ba. Saboda wannan shafi na ajiye kunya na zaunar da ƙanwarka bara, muka yi magana a fili.

Ka sake karanta babin daren auren kafin ka miƙa aikin. In ka zo hutu zan ba ka nawa ka ga inda na ja layi. Babanka yana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka