Masu shan lofe da tabar da ke ɓacewa daga kasuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani kan wani lamari da ya dagula lissafin masu shan lofe a Amurka da Turai cikin shekarun nan, har da 'yan'uwanmu mazauna can da masu yi musu aike. Tun farko mu faɗi gaskiya: ba kira muke yi ga kowa ya fara shan taba ba. Lofe yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro da ciwon dasashi ko da mutum bai zuƙi hayaƙin har huhu ba, kuma wanda bai fara ba ya gode wa Allah ya tsaya a haka. Maganarmu da manya ce waɗanda suka riga suka saba, waɗanda muke gani suna zubar da kuɗi wajen tara gwangwanaye cikin firgici, daga baya rabin kayan ya lalace a hannunsu.

Shekarar 2018 ce ta fara girgiza mutane. A farkonta kamfanin McClelland na birnin Kansas City, wanda yake aiki tun 1977, ya sanar da cewa ya rufe. Masu shi, Mike da Mary McNiel, ba su sayar wa kowa sunan ba, don haka haɗe-haɗen tabarsa irin su Frog Morton da Christmas Cheer da 5100 Red Cake suka tafi ke nan. A wannan shekarar dai British American Tobacco ya daina fitar da tabar lofe mai sunan Dunhill. A 2019 wasu daga cikin haɗe-haɗen Dunhill, irin su Early Morning Pipe da My Mixture 965 da Nightcap, suka dawo da sunan Peterson a jikin gwangwani, daga masana'antar garin Assens a Denmak, wadda dama ita ke yin su tun bayan rufe masana'antar Murray ta Belfast a 2005.

Mai wannan masana'anta ta Assens shi ne Scandinavian Tobacco Group, kuma shi ne ya yi ta haɗiye sauran ɗaya bayan ɗaya. A 2011 ya sayi Lane, masu Captain Black, daga hannun Reynolds American a kan dala miliyan 205, daga baya ya rufe masana'antarsu ta jihar Jojiya. A 2018 ya sayi sunan tabar Peterson. A tsakiyar 2024 ya sayi Mac Baren na garin Svendborg a kan kuɗin Denmak kurona miliyan 535, kuma a cikin cinikin har da Sutliff na birnin Richmond a jihar Bajiniya, gidan da asalinsa ke komawa 1849. Ba a daɗe ba aka ji cewa za a rufe masana'antun biyu, a mayar da abin da aka zaɓa Assens, a yar da saura. Rufe Sutliff ya fi ciwo fiye da yadda mutane suka zata da farko, domin ba tabar kansa kaɗai yake yi ba. Kafin rufewar, shi ke sarrafa wa ƙananan sunaye irin su Seattle Pipe Club, kuma daga gare shi shaguna da dama ke sayen ganye buhu-buhu suna yin haɗin gidansu. Mai shagon da ya shekara ashirin yana sayar da haɗinsa na kansa sai ya wayi gari babu inda zai samo rabin kayan.

Abin da muke so mai karatu ya gane shi ne, sunan da ke jikin gwangwani ba shi ne tabar ba. Suna ana sayar da shi a ofishin lauya cikin yini guda. Ɗanɗano kuwa daga wurare uku yake fitowa: ganyen da aka noma, ruwan haɗin da aka fesa masa, da injin da ya matse shi tare da hannun da ya san lokacin sauke shi. Duk wanda ya ɗanɗana My Mixture 965 na zamanin Murray da na Denmak ya san akwai bambanci, alhali takardar haɗin ɗaya ce. Saboda haka dawowar suna ba ta nufin dawowar taba, kuma wani lokaci tabar tana mutuwa shekaru kafin a cire sunan daga kasuwa.

Ganyen shi ne ya fi wuyar mayewa. McClelland ya dogara ne da jan Virginia, wato ganyen saman kara da aka bari ya nuna sosai kafin a tsinke shi. Bayan da Amurka ta soke tsarin kason noman taba a 2004, kasuwar gwanjo ta mutu, manoma suka koma noman kwangila ga manyan kamfanonin sigari, waɗanda ke son yawa da girbin inji. Ƙaramin mai saye da ke zagayawa yana zaɓen dami mai kyau ya rasa wurin zaɓe. Haka Latakia ta Siriya, ganyen da ake rataye shi a rumbu ana turara shi da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi na watanni har ya yi baƙi. Aikinta ya riga ya ja baya tun kafin yaƙin 2011, gobara kuma ta cinye ajiyar da Cornell & Diehl da G.L. Pease suke da ita a 2004. Ta tsibirin Saifurus ce ta maye gurbinta, kuma ta fi kaurin hayaƙi da nauyi a baki. Perique kuwa a yanki ɗaya tak ake yin ta, St. James a jihar Luwiziyana, inda ake danne ganye cikin gangunan katako da matsi mai ƙarfi, ana fito da shi ana juyawa ana mayarwa har shekara guda, ya ruɓa cikin ruwan jikinsa kamar yadda kalwa ke zama daddawa. A kan duk wannan sai ga dokar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, da ta fara aiki ranar 8 ga Agusta 2016, wadda ta ce duk haɗin da ba ya kasuwa a ranar 15 ga Fabrairu 2007 sai an nemi masa izini. Kuɗin neman izinin ba abin da ƙaramin gida zai ɗauka ba ne a kan haɗin da ake sayar da 'yan ɗaruruwan gwangwanaye.

To, me mai lofe zai yi? Kafin ya sayi komai ya yi lissafi. Cikin lofe ɗaya yana cin giram biyu da rabi zuwa uku, gwangwani mai giram 50 kuma yana ba da ciki 17 zuwa 20. Mai sha sau ɗaya a rana yana buƙatar kimanin gwangwani 18 zuwa 22 a shekara, mai sau biyu ya ninka. Wanda ya tara gwangwani ɗari biyar na haɗi guda ya hana wasu samu, ya kuma ɗaure kuɗinsa a kan abin da bakinsa zai iya gajiya da shi cikin shekara uku. Mun tsani wannan ɗabi'a, domin ita ce ke sa kaya su ƙare cikin awa guda da fitowarsu, sannan su bayyana a hannun 'yan kama-wuri da ninkin farashi.

Ba kowace taba ce ajiya ke yi wa kyau ba. Virginia tana da sukari mai yawa, don haka tana ƙara zaƙi da laushi, musamman a shekaru biyar na farko, kuma haɗinta da Perique ya fi kowanne jure daɗewa. Latakia tana yin sanyi, bayan shekara goma kaurinta ya ragu sosai. Nau'in ganyen da ake kira Burley ba ta canzawa wani abin kirki. Tabar da aka fesa wa ƙamshin banila ko ceri ita ce asara, domin ƙamshin yana tashi ya bar ganye mara armashi. Irin wannan a saya daidai abin da za a sha cikin shekara ɗaya ko biyu.

Maganar mazubi ita ce inda aka fi yin ɓarna. Leda ba wurin ajiya ba ce, iska tana ratsa ta, cikin 'yan makonni ganyen ya bushe. Gwangwani mai zagaye da aka zuƙe iskarsa yana riƙewa shekaru, amma mai kusurwa huɗu yana yawan sakin baki a kusurwoyin. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗora gwangwani a kan sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin goma na giram, a rubuta nauyinsa da kwanan wata a ƙasansa, a sake aunawa bayan wata shida. Idan ya ragu da giram ɗaya ko biyu, danshi na fita, a buɗe a juye. Haka in ana jin ƙamshin taba daga rufaffen gwangwani, bakin ya saki. Gwangwanayen Amurka masu murfin ɓallewa ba a zuƙe iskarsu, saboda haka in an ga sun ɗan kumbura alamar tabar na aiki ce a ciki, ba lalacewa ba. A riƙa duba tsatsa a gefen murfi, domin tana cin ƙarfen har ta huda shi.

Mafi aminci shi ne kwalbar gilashi mai murfi biyu, faifai mai roba a ƙasa da zoben da ke ɗaure shi. Kwalba mai mililita 250 tana ɗaukar kimanin giram 50 zuwa 60 na yankan zare-zare, falle-falle kuwa ya fi haka. A wanke ta da ruwan zafi, a bar ta ta bushe ƙarau, domin ɗigo ɗaya da ya rage a ƙasa ya isa ya tayar da fumfuna. A zuba taba a ɗan danna, a bar tazarar yatsa ɗaya a sama, a goge bakin kwalbar tsaf. Ɗan guntun ganye guda da ya maƙale tsakanin roba da gilashi shi ke sa a buɗe bayan shekara huɗu a tarar da busasshen kaya. A rubuta suna da wata da shekara a murfi. Ƙananan kwalabe da yawa sun fi babba guda, saboda da zarar an buɗe, sabuwar iska ta shiga, tsufan da tabar ke yi ya katse. Kada a yi amfani da kwalbar da ta taɓa ɗaukar yaji ko tafarnuwa, robar murfin ba ta mantawa.

Wurin ajiya ya zama mai duhu, zafinsa tsakanin digiri 15 zuwa 21 in da hali, kuma kada ya riƙa hawa da sauka. Wanda aka kawo wa tsaraba Kano ko Yamai ya sani cewa zafin bazara yana laushin robar murfi, hunturu kuma yana busar da buɗaɗɗen gwangwani cikin kwana biyu. Ya sa kwalaben a cikin kula babu ƙanƙara, a ɗakin da rana ba ta bugawa. Firiji ba mafita ba ne, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta gumi yana taruwa a cikin gilashin.

Gwajin danshi kafin rufewa shi ne a matse ɗan kaɗan tsakanin yatsu. In ya dunƙule ya ƙi warwarewa, ya jiƙe da yawa, a baza shi a faranti na awa ɗaya. In ya kakkarye, ya bushe: a zuba a kwano, a jiƙa tawul ɗin takarda da tataccen ruwa, a matse, a rufa bakin kwanon ba tare da ya taɓa ganyen ba, a duba bayan awa biyu ko uku. Fesa ruwa kai tsaye yana jiƙa wani ɓangare fiye da wani. Game da farin abin da ke fitowa a jikin tsohuwar taba, a duba shi da gilashin ƙara girma. Mai ƙyalli kamar garin gishiri yana iya zama abin da ya tsatso daga ganyen. Mai gashi-gashi, fari ko kore ko shuɗi, da warin ruma, fumfuna ce, kuma hukuncinta a zubar da kwalbar gaba ɗaya. Cire na sama a sha na ƙasa wasa da lafiya ne.

Sayen tsohon gwangwani daga hannu na biyu caca ce. Mai saye bai san ko ya shekara a bayan mota ko a soron da rana ke gasawa ba. In dole sai an saya, a nemi hoton ƙasan gwangwanin da lambar kwanan watansa, a kuma nemi nauyinsa.

Abin da ya fi tara kaya amfani, a ganinmu, shi ne mutum ya san me yake so a cikin haɗin da ya rasa. Wanda ke kewar Frog Morton, Latakia mai laushi da ɗan zaƙi yake nema. Wanda ke kewar 5100, jan Virginia mai tsami-tsami yake nema. Da wannan sani zai iya neman makamanci wurin gidajen da suka rage, Cornell & Diehl a Karolina ta Kudu, Gawith Hoggarth a garin Kendal na Ingila, Germain a tsibirin Jersey, da Kohlhase & Kopp a Jamus. Zai kuma iya gwada haɗi da kansa, giram 20 kacal a gwajin farko. Ga mai son kaurin hayaƙi: Virginia giram 9, Latakia 6, ganyen Turkiyya 5. Ga mai son zaƙi da ɗan yaji: Virginia 18, Perique 2. A gauraya da hannu a babban kwano, a rufe a kwalba mako biyu zuwa wata guda kafin a ɗanɗana, domin sabon haɗi kowane ganye maganar kansa yake yi. A canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta. Perique tana zuwa a jiƙe, nauyinta yana yaudarar sikeli, kuma in ta wuce kashi 15 cikin ɗari tana ƙona hanci. Latakia in ta haura rabi tana binne sauran. In yankan ganyayen bai zo ɗaya ba, ƙanana suna gangarawa ƙasan kwalba, cikin farko da na ƙarshe su zama taba biyu daban, don haka a daidaita yankan da almakashi kafin a gauraya.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu bibiyar harkar ganyen taba